Shiga Birnin Ƙudus ta ƙasa da jakar goyo: waɗanda suka san hanyar su ajiye abin da suka tabbatar

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun yi yawa game da zuwa Ƙudus ta Jodan ba tare da ayari ba, mutum shi da jakarsa a baya. Ina roƙon wanda ya taka hanyar ya ajiye abin da ya tabbatar, ban da ji-ta-ji-ta. Zan fara da iyaka, domin a nan tafiyar yawancin mutane take lalacewa.

Mashiga uku ce daga Jodan. Akwai gadar Sarki Husaini, wadda Isra'ila ke kira Alenbi, Falasɗinawa kuma su ce Karama, kimanin kilomita 57 daga Amman, ita ce mafi kusa da Ƙudus. Akwai ta Shaikh Husaini a arewa, kusa da garin Baisan. Sai Wadi Araba can kudu, tsakanin Aƙaba da Eilat. Sunayen biyun farko suna kama, kuma akwai masu hawa tasi su ce "Husaini" kawai, direba ya nufi arewa da su. Ka ce masa "Jisrul Malik Husain" a cike.

Daga Amman ko dai bas ɗin kamfanin JETT ta sassafe, ko ƙananan motocin haɗaka da ake kira sarbis a tashar Tabarbur. A gadar, zauren baƙi daban yake da na Falasɗinawa, don haka ka tambaya kafin ka shiga layi. Za ka miƙa fasfo, ka biya dinari 10 kuɗin fita, sannan a sa ku a bas. Ba a tsallake gadar da ƙafa, bas ɗin dole ce, kuma ana biyan kuɗin kujera daban, kuɗin kowace babbar jaka daban. Sau da yawa sai kun zauna a cikin motar ake raba muku fasfo, kada hankalinka ya tashi idan ka ga an riƙe. Tazarar 'yan kilomitoci ce, amma motar ba ta tashi sai ta tara mutane, ga tsayawa a shinge. Wanda ya isa bakin gadar da ƙarfe bakwai da rabi na safe da wanda ya isa sha ɗaya, bambancinsu zai iya kai awa uku a layi, saboda motocin ayari sun riga sun cika wurin.

Hajiya Mai Takardu (Abuja):
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka fara daga tsakiya. Mai fasfon Najeriya ba zai ma ga gadar ba sai da biza biyu a hannu, kuma duka biyun daga gida ake neman su. Ta Isra'ila a ofishin jakadancinsu na Abuja. Ta Jodan ma ba a ba mu a filin jirgi, muna cikin ƙasashen da sai an nemi izini tukuna. Abin da ake gani a intanet na cewa ka sayi Jordan Pass, wato tikitin 'yan yawon buɗe ido na Jodan, ka shige, wannan na ƙasashen da ake ba biza a bakin shiga ne.

Matafiyi shi kaɗai ya fi ɗan ayari shan tambaya, domin abin da suke tsoro shi ne mutum ya shiga ya ɓace ya zauna aiki. Ka tanadi tikitin komawa, takardar kama masauki na kowane dare, bayanin asusun banki na watannin baya, inshorar lafiya, da wasiƙar wurin aiki ko shaidar kasuwanci. Ka buga su a takarda. Waya na iya mutuwa, kuma ba kowane jami'i ne zai tsaya kallon allonka ba. Katin rigakafin shawara ma ya kasance cikin fasfo.

Abin da ya fi cin mutane shi ne dawowa. Jodan ba ta bayar da biza a gadar Sarki Husaini ko ga Bature. Ƙa'idar da aka saba, wanda ya fita ta gadar da bizar shiga sau ɗaya zai iya dawowa ta wannan gadar dai muddin kwanakinsa ba su ƙare ba. Idan ya fita ta gadar ya ce zai dawo ta Aƙaba, sabuwar biza yake buƙata, mu kuma ba a ba mu a iyaka. Shawarata, tun a gida a nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, ko da ta fi tsada. Masu fasfon Ingila ko Amurka a cikinmu kuma su sani tun Janairun 2025 sai sun cike izinin ETA-IL ta intanet kafin tafiya.

Baban Yara (Damagaram):
Hajiya Allah ya saka da alheri. Mu 'yan Nijar namu ya fi nauyi, domin ƙasarmu ta yanke hulɗa da Isra'ila tun 2002, babu ofishinsu a Yamai. Dole sai an nema ta wata ƙasa, kuma yana ɗaukar lokaci. 'Yan Gana suna da ofishi a Akra, 'yan Kamaru a Yawunde, Cadi kuma ta maido da hulɗa a 2019.

Ina so in yi magana a kan hatimi. Isra'ila ta daina buga wa baƙi hatimi a fasfo, wata 'yar takarda mai ruwan bula take bayarwa mai hotonka da ranar ƙarewar izini. Wannan takardar ita ce shaidarka a masauki da kowane shinge, ka sa ta cikin fasfo ka ɗaure da roba. A gadar Sarki Husaini Jodan ma a takarda daban take buga fita. Amma a Shaikh Husaini da Wadi Araba hatimin Jodan na iya shiga fasfo, kuma sunan mashigar ya isa ya nuna inda ka je. Haka hatimin Masar na Ɗaba, mashigar da ke tsakanin Masar da Eilat. Mu kuma da ake manna wa biza a shafin fasfo, babu zancen ɓoyo tun farko. Wanda ke da niyyar zuwa Lebanon, Iran ko Libiya da wannan fasfon ya yi lissafi kafin ya nema.

Ɗan Fagge:
Gaskiya ne Baba. Bari in ƙarasa ɓangaren Isra'ila na gadar. Da saukarku za a karɓi babbar jaka a manna mata lamba, a manna irinta a bayan fasfo, ta wuce na'ura. Kuɗi, magani, caja da ruwan sha su kasance a ƙaramar jakar hannu, domin ba za ka sake ganin babbar ba sai ka fita. A tagar shige da fice za a tambaye ka ina za ka, wa ka sani, kwana nawa, me ya kai ka wata ƙasar da aka ga hatiminta. Mai sunan Musulmi ya shirya jin tambayar sunan uba da na kaka. Ana iya ba ka fom ka cike a ce ka zauna, zaman kuma daga rabin awa ne zuwa awa biyar ko fiye. Wani jami'in zai sake maka tambayoyin da na farko ya yi, yana duba ko amsar za ta canza. Ka faɗi gaskiya a taƙaice. Idan salla ce ta kawo ka Aƙsa, ka ce salla ce. Wanda ya ƙirƙiro labari shi yake rikicewa a zagaye na biyu.

Kada ka ɗauki hoto a wurin, kada kuma ka karɓi saƙon kowa ka tsallaka masa da shi, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka. A waje akwai ƙananan bas masu zuwa Babul Amud, ɗaya daga ƙofofin tsohon garin Ƙudus, tafiyar kamar minti 45. Gadar tana cikin kwarin da ke ƙasa da matakin teku, da bazara zafinta ya wuce digiri 40, Ƙudus kuma tana kan tudu kusan mita 800. Da hunturu za ka bar gada da shimi ka isa birni kana neman rigar sanyi.

Ranar Juma'a rabin yini ake aiki, Asabar kada ka dogara da ita, ana rufewa ranar Yom Kippur, babbar ranar azumin Yahudawa, da ranar Babbar Salla. Tun Oktoban 2023 kuma ana rufe gadar ba sanarwa idan wani abu ya faru. Kada ka sa ranar tsallakowa ta zama ranar jirginka daga Amman, ka bar kwana biyu a tsakani.

Bazazzagi:
Kafin a yi nisa, akwai saɓanin malamai a kan ziyarar kanta, kuma bai kamata a ɓoye wa mai niyya ba. Shaikh Yusuf Ƙaradawi ya hana wanda ba Bafalasɗine ba zuwa muddin birnin na ƙarƙashin mamaya, domin sai da bizar mai mamayar. Wasu kuma suka ce ziyarar ƙarfafa mazauna birnin ce, har Muftin Masar na lokacin, Shaikh Ali Jumu'a, ya je a 2012. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda ya yanke zuwa, ina ganin ya kwana a masaukan cikin tsohon gari ko na gabashin birni, ya ci abinci a shagunansu, kuɗinsa ya shiga hannun mutanen da ke riƙe da wurin.

Malamin Tarihi (Katsina):
Madalla. Ni zan shiga cikin ganuwa. Tsohon garin bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, ganuwar da ke kewaye da shi Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Sulaiman ne ya gina tsakanin 1537 da 1541. Ƙofofi bakwai ne a buɗe, ta takwas, Babur Rahma, a toshe take. Unguwanni huɗu ne: ta Musulmi, ta Kirista, ta Yahudawa da ta Armeniyawa. Babu katanga a tsakaninsu, sai dai ka ga rubutun shaguna da suturar mutane sun canza.

Idan ka shiga ta Babul Amud ka gangara matakala, hanya za ta rabu biyu. Ta hagu ita ce Al-Wad, tana bi ta gaban lungunan da ke kai wa ƙofofin Aƙsa har ta ƙare a shingen bangon Buraƙa, inda Yahudawa ke addu'a. Ta dama ita ce Khan az-Zait, kasuwa ce mai rufi, tana kai wa Kanisatul Ƙiyama, wato Cocin Kabarin Yesu. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ba zai ɓata ba. Taswirar waya tana rikicewa a ƙarƙashin rufin dutse. Kuma garin duk matakala ne, mota ba ta shiga yawancin lungunan, shi ya sa jakar goyo ta fi akwati mai taya. Kilo 10 ya isa. Dutsen ƙasan ya sha takawa har ya yi santsi, idan aka yi ruwa silifas ba zai riƙe ka ba.

Aƙsa ba gini ɗaya ba ne, duk harabar ce, murabba'in mita dubu 144. Mai ƙubbar zinariya shi ne Ƙubbatus Sakhra, wanda Abdul Malik ɗan Marwan ya kammala wajen shekara ta 691. Mai ƙubba ruwan toka a kudu shi ne masallacin Ƙibli, inda liman ke tsayawa. A ƙasa akwai Musallal Marwani. Hukumar Waƙafi ta Jodan ce ke kula da ciki, 'yan sandan Isra'ila kuma suna bakin ƙofofi. Baƙon Musulmi za a nemi fasfonsa, ana iya cewa ya karanta Fatiha ko wata gajeriyar sura, kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Ana rufe harabar bayan isha'i a buɗe kafin asuba, kuma a waɗannan lokutan ba duka ƙofofi ke aiki ba. Bab Huɗɗa da Babul Majlis na cikin waɗanda ake samu a buɗe. Ranar Juma'a ka shiga tun awa biyu kafin huɗuba, kuma galibi mata ake bar wa Ƙubbatus Sakhra.

Wani abu da ke rikita Bahaushe: mu mun saba alƙibla gabas ce, har mukan ce "ya fuskanci gabas". A Ƙudus kudu ake fuskanta. A masauki ka tambaya, kada ka bi fitowar rana.

Abin da nake so kowannenmu ya tsaya a kai shi ne lungun da ke kai wa Babul Majlis. Akwai tsofaffin gine-gine biyu na zamanin sarakunan Mamluk na Masar suna kallon juna, Ribaɗ Ala'uddin na 1267 da Ribaɗul Mansuri na 1282. An gina su don masu ziyara, a ƙarshen mulkin Turkawa aka mai da su kurkuku. Mazaunansu a yau baƙaƙen fata ne Falasɗinawa, jikokin alhazan da suka fito daga Najeriya, Cadi, Sudan da Sanagal, yawancinsu a zamanin mulkin Ingila, suka sauke farali a Makka suka ƙaraso Ƙudus suka zauna. A cikinsu akwai zuriyar Hausawa da Fulani da Barebari. Larabci suke yi, amma da yawa sun san ƙasar kakansu. Gidajen mutane ne, ba wurin kallo ba. Ka yi sallama, ka gabatar da kanka, kada ka ɗaga waya kan yaransu. A bayan ganuwar gabas kuma, a maƙabartar Babur Rahma, akwai kaburburan sahabbai biyu, Ubada ɗan Samit da Shaddad ɗan Aus.

Maman Biyu (Jos):
Sannu Malam, ka yi bayani. Ni zan yi wa 'yan uwana Kirista, waɗanda ba ta hukumar ziyarar Kirista za su bi ba. Cocin Kabarin Yesu tun kafin gari ya waye ake buɗe shi. Wanda ke son shiga ɗakin kabarin ya je kafin ƙarfe bakwai, domin da ayari sun iso layin yakan kai awa ɗaya zuwa biyu, a ciki kuma ba a barin mutum ya wuce minti ɗaya ko biyu. Ɗarikoki shida ke raba ginin: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawa, Habashawa da Suriyaniyawa, kowa da kusurwarsa da lokacin addu'arsa. Idan ka ga ana kora mutane gefe, jerin gwanon wata ɗarika ce za ta wuce, ka matsa kawai. Makullin ƙofar kuma yana hannun gidajen Musulmi biyu tun ɗaruruwan shekaru, gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa. Masallacin Umar yana nan daf da harabar.

Akwai hanyar da mutane da yawa ba su sani ba. Daga Khan az-Zait ka hau matakalar da ke kai wa tasha ta tara ta Hanyar Gicciye, za ka fito kan rufin cocin inda 'yan zuhudun Habasha ke zaune a ƙananan ɗakuna, wurin da ake kira Dairus Sulɗan. Idan ƙofarsu a buɗe take, ta ɗakunan addu'arsu za ka sauko har harabar cocin. Hanyar Gicciye tasha 14 ce, kuma kowace Juma'a da ƙarfe uku, ko huɗu da bazara, limaman Faransiskan ke jagorantar tafiyar. Lokacin ya zo daidai da bayan an taso daga Aƙsa, lungu ɗaya ake bi, don haka jaka ta dawo gaba. Babban cocin Armeniyawa na Yaƙub ba a buɗe shi sai lokacin addu'a, wajen ƙarfe uku na rana na ɗan lokaci.

Wanda ba Musulmi ba yana iya shiga harabar Aƙsa, amma ta ƙofa ɗaya kawai, Babul Magariba, ta gadar katako da ke gefen bangon Yahudawa. Lahadi zuwa Alhamis ne, da safe zuwa hantsi, sai kamar awa ɗaya da rana. Ba a shiga da Littafi Mai Tsarki ko gicciye a bayyane, ba a yin addu'a, ba a shiga cikin gine-ginen. Sutura ta rufe gwiwa da kafaɗa. Mace ta riƙe babban mayafi a jaka, zai yi mata aiki a coci da masallaci da bango duka.

Ɗan Zango (Kumasi):
Mama kin tuna min da bangon. Kowa na iya zuwa, bayan an bi ta na'urar bincike. Maza gefe, mata gefe, namiji ya rufe kansa, hularmu ta wadatar. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa duhun Asabar ba a ɗaukar hoto ko latsa waya a wurin.

Wannan Asabar ɗin ita ce ke karya tsarin tafiya. Jirgin ƙasa na cikin gari da motocin Isra'ila duk suna tsayawa tun yammacin Juma'a, shagunan yammacin birni su rufe. Motocin Larabawa da ke tashoshin kusa da Babul Amud kuwa suna aiki. Saboda haka Asabar ita ce ranar Baitalami ko Al-Khalil. Mota mai lamba 231 tana kai ka Baitalami, 234 tana ajiye ka a shingen 300 ka tsallaka da ƙafa, 218 kuma Ramalla ta shingen Ƙalandiya. Fita ba a cika tsayar da kai ba, a dawowa ne ake duba fasfo da 'yar takardar nan. Wanda ya bar su a masauki ya jawo wa kansa wahala. Daga Baitalami akwai sarbis zuwa Al-Khalil, inda aka raba masallacin Annabi Ibrahim gida biyu tun bayan kisan masallata da aka yi a cikinsa a 1994, kowane ɓangare da ƙofarsa da shingensa. Ka tambayi mai masauki halin da hanya take ciki a safiyar ranar, kuma ka dawo kafin magariba.

Wuƙar aljihu, ko ta yankan lemo ce, ka bar ta a gida. A shingayen nan ba a ɗaukar ta da wasa.

Hajiya Mai Takardu (Abuja):
Saura kuɗi. Naira da sefa da sidi ba mai canza maka, ka riƙo dala sababbi marasa yagewa. Dinarin Jodan ɗaya ya kai kusan dala 1.41, kada ka ɗauke shi ƙaramin kuɗi. Canjin bakin gada ba shi da kyau, ka canza na mota kawai, sauran a titin Salahuddin. Ranar komawa ka ware shekel, kuɗin Isra'ila, a hannu domin Isra'ila na karɓar kuɗin fita, kuma na gadar Sarki Husaini ya fi na sauran mashigun biyu tsada sosai. Kan cajarmu mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga soket ɗinsu, ka sayi adafta mai ƙafa biyu zagayayyu. Don jirgin cikin gari da bas ka nemi katin Rav-Kav ka sa masa kuɗi. Abinci mai sauƙi shi ne burodin ka'ak mai riɗi da za'atar, da falafil, da humus, nama kuma a unguwar Musulmi babu shakka a kansa.

Baban Yara (Damagaram):
Wanda zai ƙarasa Masar ta ƙasa, daga babbar tashar Ƙudus akwai mota mai lamba 444 zuwa Eilat ta gefen Tekun Gishiri, kusan awa biyar, daga nan mashigar Ɗaba 'yar tafiya ce. Izinin Sina'i na kwana 14 da ake bayarwa a can ba na fasfonmu ba ne, sai da cikakkiyar bizar Masar daga gida.

A lura da agogo kuma. Tun 2022 Jodan ta daina canza lokaci, su kuma can ƙetare suna mayar da agogo baya da hunturu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris Amman tana gaban Ƙudus da awa ɗaya, kuma waya a kwarin gadar tana tsalle tsakanin layukan ƙasashen biyu ta nuna maka lokacin da ba shi ba. Ranar tsallakawa ka saita agogon da hannunka, ka tambayi direba da lokacin wace ƙasa ake rufe gadar.